KUMBURI BA ƘIBA BA NE

A shekarar 1929 wata likita haifaffiyar tsibirin Jamaika, mai suna Cicely Williams, ta kama aiki a Gwalkwas, watau ƙasar da yau ake kira Ghana. A asibitin yara na Ankara ta riƙa ganin ana kawo waɗansu ƙananan yara ƙafafunsu sun kumbura, gashinsu ya yi ja ya tsinke, fata tana saɓulewa, ba wasa ba dariya. Da ta bincika, sai ta tarar yawancinsu an cire su daga nono, ba su da abinci sai kokon masara. Ta bayyana cutar a 1933. A 1935 kuma ta sa mata sunan da mutanen Ga, mazauna Ankara, ke kiranta da shi, watau kwashiyoko. Ma'anarsa kuwa, ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane.

To, wane Bahaushe ne wannan magana za ta zame wa baƙuwa? Ai ita ce kwanika. Mace ta yi ciki da goyo, tsofaffi su ce nono ya lalace, a yaye yaro ran nan, a kai shi wurin kaka, a dinga ɗura masa kunu tsararo. Bayan 'yan watanni ya kumbura, sai a ce nonon ciki ne ya sha. Mu dai muna cewa wannan kuskure ne, kuma kuskure mai kisa. Nonon mai ciki ba dafi ba ne. Rashin nonon ne ya kayar da yaron, da rashin abin da zai maye gurbinsa.

Abin da nono ke ɗauke da shi, wanda kunu tsararo ba shi da isasshe, shi ne abin da likitoci ke kira furotin, watau abinci mai gina jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar giram 0.83 a yini bisa kowane kilo na nauyinsa, yaro mai tasowa kuwa bukatarsa ta fi haka in an auna da jikinsa. A giram 100 na gyaɗa akwai wajen giram 25, wake ma kusan haka, gero da dawa wajen 11. Rogo ko 2 bai kai ba. Sa'an nan furotin na hatsi yana da giɓi, wanda na wake da gyaɗa ke cikewa. Ashe kakanninmu da suka haɗa koko da ƙosai, suka dama kunun gyaɗa, sun san abin da suke yi, ko da ba su san sunansa ba.

Amma fa kada mu faɗa ramin da masana suka faɗa. Bayan 1950 duniya ta ɗauka furotin ne kaɗai maganin tamowa, aka kashe dukiya mai yawa a kan haka, har a 1974 wani likita, Donald McLaren, ya nuna cewa yawancin yaran nan abincin ne ɗungurungum bai ishe su ba. A 2013 kuma binciken da aka yi kan tagwaye a Malawi ya nuna ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji su ma suna da hannu. Ƙyanda da zawo sukan buɗe wa cutar ƙofa. Gyaɗar da ta yi fumfuna ma guba ce ga hanta, ba ta cancanci kwanon yaro ba.

Inda muke da magana da malamai da ma'aikatan ofis shi ne nan. Sau nawa muke ganin mai albashi ya tsaya wurin mai tsire da yamma, ya ci ya goge baki, ya koma gida a zuba wa ɗansa ɗan wata 18 tuwo da miyar kuka ba ko ƙwayar wake? Kaji na yin ƙwai a gidan, amma a hana yaro, wai zai koyi sata. A kwalejin horon malamai mun sha tambayar ɗalibai wa ya taɓa ganin ɓarawon da ƙwai ya mayar ɓarawo. Sai dariya. Amma in sun koma gida, kaɗan ne ke iya faɗa wa iyayensu mata haka. Uwa ake zargi kullum, alhali kuɗin cefane a aljihun maigida yake.

Ba mu neman malami ya zama likita, amma akwai abin da kowa zai iya. A danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In gurbin yatsa ya tsaya, ruwa ne ya taru, sai a nufi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa. Yaron da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, in yana tsakanin wata 6 da shekara 5, shi ma haka. Magani kuwa akwai shi. A yunwar 2005 a Maraɗi an ceci dubban yara da wani haɗi na gyaɗa da madara da sukari da mai, iyayensu mata na ba su a gida.

Nono zalla wata 6, sa'an nan a ƙara kunu mai kauri da gyaɗa ko waken suya ko ƙwai, a ci gaba da shayarwa har shekara 2, ko da ciki ya shiga. Muna roƙon kowane shugaban makaranta ya faɗi wannan a taron iyaye na farko da zai kira, ya kuma tabbata maza na wurin.