Masu jinya ƴan cirani a ɗakin masu ciwon zuciya

Cirani ba na manomi ba ne shi kaɗai. A ƙasar Amurka akwai ma'aikatan jinya masu yawon aiki daga wannan asibiti zuwa wancan. Kamfani ne yake ɗaukar su, ya tura su inda ma'aikata suka yi kaɗan. Yawanci sati 13 suke yi, wato wata uku, sannan su ɗaure kaya su yi gaba.

Cikin wuraren da ake tura su akwai ɗakin masu ciwon zuciya da suka fara samun sauƙi. Wanda aka yi wa aikin zuciya, in ya fito daga ɗakin masu ciwo mai tsanani, sai ya yada zango a nan kafin a kai shi babban ɗaki. Ana liƙa masa wayoyi a ƙirji, na'ura tana nuna bugun zuciyarsa dare da rana. Ana auna nauyinsa kowace safiya, domin in zuciya ta gaza ruwa yakan taru a jiki tun ƙafafu ba su kumbura ba. A jahar Kalifoniya, tun 2008, doka ta hana a ba mai jinya ɗaya fiye da marasa lafiya 3 a irin wannan ɗaki.

Ba mu raina aikin waɗannan baƙi ba. Kowa ya san amfanin ɗan ƙwadago ran da ciyawa ta fi ƙarfin mai gona. Amma ɗan ƙwadago bai san inda ruwa yake kwanciya a gonar ba. Sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ake ba baƙo ya san wurin, alhali zuciya in ta rikice ba ta jira a tambayi inda aka ajiye magani.

Abin da ya fi damun mu shi ne abin da ya faru a 2020 da 2021, lokacin korona. Albashin baƙi ya ninka na ƴan gida, a wasu wurare har sau uku. Ƴan gida da yawa suka ajiye aiki, suka shiga yawo su ma. A ganinmu, da an kyautata wa mai zama tun farko, da bai tashi ba.

Mu ma a nan ana canza wa ma'aikatan likita wurin aiki. Saboda haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya adana takardarsa ta likita. In zai je awo, ya tafi da ita, tare da kwalayen magungunan da yake sha, ya nuna wa duk wanda ya tarar.