Daga rijiyar Kuje zuwa teburin kasafin kuɗi

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiyar burtsatse a Kuje ya san ba ko'ina ake samun ruwa ba. Ƙasar ta zauna ne a kan tsohon dutse mai tauri, ruwan kuwa yana maƙale a cikin tsagogin dutsen. Idan aka kauce wa tsagar da 'yan taku, sai mai gida ya binne kuɗinsa a busasshen rami. Gano tsagar aikin masana fiziks ne, kuma cikin kayan aikinsu akwai na'urar da ke auna ƙarfin maganaɗisun ƙasa, wadda ke sansano inda dutse ya sauya ba tare da an ɗaga ko da shebur ba.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Arewa. Farfesa Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos, ta sami digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a 1970, ta zama farfesa a 1980. Ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya, har da bayanan maganaɗisu da aka auno daga jirgin sama a kan kwarin Binuwai. Aiki ne na wanda ya iya haƙuri: awo a daji, lissafi a ɗaki, sannan horar da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya.

Haka abin yake a waje. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano yadda siraran shimfiɗun ƙarfe ke sauya tafiyar lantarki idan maganaɗisu ya kusance su. Sai a 1997 binciken ya shiga ma'adanar bayanan kwamfuta da ake sayarwa, kyautar Nobel kuma ta jira har 2007.

To, ga inda maganar ta shafe mu, mu da ke rubuta takardun da oga zai sa wa hannu. Mun saba auna kowane aiki da shekarar kasafi guda. Sayen sabuwar na'ura yana wucewa cikin sauƙi, domin ana yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Kuɗin gyaranta, da man janareta, da albashin ƙwararren da zai daidaita awonta, su ne alƙalami ke fara sokewa. Na'urar awo kuwa, in ba a daidaita ta, ƙarya za ta riƙa faɗa, kuma da cikakken ƙarfin hali.

A maƙwabtan Kuje, a Sheda ta yankin Kwali, gwamnatin tarayya na da cibiyar kimiyya da fasaha mai ɗakin binciken fiziks. Kafin a rage wa irin wannan cibiya ko da kobo a kasafi mai zuwa, ya kamata jami'in da fayil ɗin ke gabansa ya hau mota ya je, ya tambayi matasan masu binciken wace na'ura ce ke aiki, wace ce ke jiran gyara, kuma tun yaushe.