Majalisar Samari a Bakin Iyakar Bagudo: Wa Ke Riƙe da Zukatan 'Ya'yanmu?

Duk wanda ya san hanyar Tsamiya zuwa Segbana ko mashigar Lolo ya san cewa an daɗe yaro ɗan shekara 15 yana neman kuɗinsa da babur da jarkokin fetur. An rufe iyakoki a watan Agustan 2019, aka kuma cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, sai ribar ta ƙafe. Sana'ar ta ja baya, amma majalisar da ta haifa tana nan, kuma a cikinta ake auna darajar yaro da abin da ke aljihunsa.

A nan ciwon yake. Wanda jiya shi ke sayen shayin majalisa, yau ba ya iya cire ko sisi. Ana yi masa ba'a, ya koma gida ya buɗe TikTok ya ga tsaransa na wasa da kuɗi. Barci ya ƙaurace masa, ya daina magana, har wani aboki ya miƙa masa taramol wai don ya rage tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Mu kuwa sai mu ce iskoki ne ko sammu.

Ruƙya sunna ce, ba ma jayayya, amma ba ta hana zuwa asibiti ba, domin Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. Mu masu hawa mumbari ma muna da namu laifin. Mukan kawo hadisin mai turare da maƙeri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mu tsaya kan hayaƙin maƙera, mu manta da turaren. Uba ya ji huɗuba, ya raba ɗansa da kowa, alhali kaɗaici na ƙara wa mai damuwa ciwo.

Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato tafiya ce mai nisa daga Illo ko Ka'oje. Abokin da ke zama da yaron kowane dare shi ke fara ganin ya canja, tun kafin mahaifiyarsa. Shi ya kamata limamai da malaman Islamiyya su jawo jiki, su sanar da shi cewa idan abokinsa ya fara ambaton ya gaji da rayuwa, gaya wa babba ba tona asiri ba ne.