Hannun Jari: A Faɗa Mana Labarin Gaba Ɗayansa

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi wa 'yan uwana manoma da 'yan tireda tsokaci kan sayen hannun jari. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakata firamare, amma abin ya taɓa cin dukiyata, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina.

Kwanan baya ɗan wana, wanda yake koyarwa a sakandare, ya zo da wani littafi mai hotunan kanun labaran jaridun Amurka na da, yana karantawa yana fassara mini. Wallahi duk na tashin hankali ne. A 1950 yaƙin Koriya ya ɓarke. A 1955 ciwon zuciya ya kwantar da Shugaba Eisenhower, kasuwar hannun jari ta faɗi da fiye da kashi 6 cikin ɗari rana ɗaya. A 1956 rikicin mashigin Suwez. A 1957 Rasha ta riga su harba tauraron ɗan Adam. A 1962 saura ƙiris su gwabza da Rasha da makaman nukiliya a kan Kyuba. A 1963 aka harbe Shugaba Kennedy. Duk wanda ya karanta waɗannan a lokacin, cewa zai yi duniya ta zo ƙarshe, gara ya sayar da abin da ya mallaka ya ƙulle kuɗinsa a lalita.

To amma ga abin mamaki. Suna da wani ma'auni da suke kira Dow Jones, wanda yake nuna farashin hannun jarin manyan kamfanoninsu. A farkon 1950 yana wajen 200. A 1972 ya haye 1,000, a 1999 ya kai 10,000, a 2024 kuma ya wuce 40,000. Wato ya ninka sau 200 cikin shekara 74. Dalili kuwa, ana yaƙi ana rigima, mutane ba su daina cin abinci da sayen sabulu da hawa mota ba, kamfanoni kuma suna ta cin riba. Wanda ya firgita ya sayar saboda labarin safiya ɗaya, shi ya yi asara.

Wannan rabin labarin shi ne dillalai suke faɗa mana. Ga ɗaya rabin da ba su cika faɗa ba. A 1929 ma'aunin nan ya kai 381, sai ya ruguzo zuwa 41 a 1932, bai sake komawa inda yake ba sai 1954. Shekara 25 ke nan. Daga 1966 zuwa 1982 ma yana ta kai da kawowa bai yi nisa da 1,000 ba, ga tsadar kaya tana cin kuɗin. A Japan kasuwarsu ta kai ƙololuwa a 1989, ba ta sake ganin wurin ba sai 2024. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma fa sai in yana da itacen da zai kai shi.

Ni ba ni da itacen. A 2007, lokacin da kowa yake rububin hannun jarin bankuna, na sayar da shanun hudata guda biyu na saya a wani banki. Ina ganin farashi yana hawa har ina yi wa masu kiwo dariya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwarmu ta Legas ya kai wajen 66,000, kafin shekara ta zagayo ya dawo wajen 20,000. Damina ta kama, ba shanu, ba kuɗin taki, ga mai ɗakina ba lafiya. Dole na sayar, ko kuɗin maraƙi ɗaya ban samu ba. Ma'aunin bai koma 66,000 ba sai 2023, kuma a 2008 dala tana wajen Naira 120, a 2023 ta haura Naira 700. Ko wanda ya jira, Nairar da ya karɓa ba irin wadda ya zuba ba ce.

Kada a ce na ce hannun jari damfara ne. A'a. Kamar ajiyar gero ne: ka saya da kaka, ka jira bazara. Amma wane mai hankali ne zai sa abincin iyalinsa cikin buhunan jiran farashi? Laifina shi ne na zuba abin da nake noma da shi, a kamfani ɗaya, saboda na ga jama'a suna yi.

Saboda haka shawarata ga 'yan uwa ita ce, kada ka taɓa shanun huɗa ko uwar kuɗin tiredarka, kada kuma ka ci bashi. Zuba abin da za ka iya mantawa da shi shekara goma ko fiye. Ka rarraba a kamfanoni daban-daban, ta hannun dillali mai rajista da hukuma, ka riƙe takardunka, ka sanar da magadanka. Ka tambayi malamai game da sana'ar kamfanin don gudun haram. In ka yi haka, labarin rediyo na safe ba zai hana ka barci ba. Wanda kuma ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata uku, ka tuna kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Allah ya sa mu dace, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda.