Ranar da Rambo Ya Fashe da Kuka

Duk wanda ya taso yana leƙa gidan kallo ya san Rambo da ɗaurin kai da ƙatuwar bindiga. Kaɗan ne ke tuna cewa fim ɗinsa na farko, First Blood na 1982, da kuka ya ƙare.

John Rambo, wanda Sylvester Stallone ya fito a matsayinsa, sojan Amurka ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam. Ya je neman abokinsa ɗaya tilo da ya rage a rundunarsu, aka shaida masa ciwon daji ya kashe shi. Yana cikin wannan jimami ya shiga garin Hope, shugaban 'yan sanda Will Teasle ya kore shi, da ya dawo kuma ya kama shi. A ofishinsu aka nufo shi da aska za a yi masa aski dole, nan take ya tuna azabar da ya sha lokacin da yake fursunan yaƙi. Daga nan rigima ta ɓarke.

Amma ƙarfin fim ɗin yana mintunansa na ƙarshe. Gwarzon da ya gagari gari guda ya zube ƙasa gaban tsohon kwamandansa, Kanar Trautman, yana ba da labarin abokinsa da bam ya tarwatsa a Saigon, bam ɗin da aka ɓoye cikin akwatin mai goge takalmi. Shekaru yana dakon abin bai faɗa wa kowa ba. Sai da ya amayar da shi sannan ya iya ajiye makami ya miƙa wuya, kuma wannan ce babbar nasararsa a fim ɗin. Kashi na biyu, na 1985, ya fi kawo kuɗi, ya fi yawan gawarwaki, sai dai mutumin da aka tausaya wa ya ɓace cikin hayaƙin harsashi.

Spider-Man 2 na Sam Raimi, a 2004, ya bi hanyar First Blood da kyau. An kori Peter Parker, wato Spider-Man, daga aiki, kuɗin haya ya gagare shi, ƙarfinsa ya riƙa ɗaukewa don zuciyarsa ta rabu biyu, har ya jefa kayan jarumtar cikin kwandon shara. Abin da ya fi masa wuya ba karo da bos ba ne. Zama ya yi gaban May, matar baffansa da ta raine shi, ya faɗa mata shi ya ƙyale ɓarawon da daga baya aka ce ya harbe mijinta. Ta zare hannunta, ta tashi ba ta ce uffan ba. Peter ɗin da ya sake sa rigar ya san abin da ya sa ya sa ta.

Marubutan Kannywood da ke gwada finafinan faɗa su dubi wannan. Kafin ku ba jarumi bindiga, ku nuna mana abin da ke hana shi barci, da wanda yake jin nauyin haɗa ido da shi.