Zogale Da Tafarnuwa A Abincin Kaji: A Yi Da Awo

'Yan uwa matasa, da yawanmu yanzu sun rungumi kiwon kajin nama, wato buroila, domin neman na kai, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai akwai wata mummunar ɗabi'a da ta shigo sana'ar, ita ce ɗura wa kaji maganin antibayotik a ruwan sha tun suna 'yan tsaki har ranar da za a kai su kasuwa, wai don su yi saurin girma, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau. To wa zai ci naman nan? Iyayenmu ne da ƙannenmu. Ragowar maganin tana nan a tsoka da hanta, ƙwayoyin cuta kuma suna sabawa da shi, har wata rana mutum ya kwanta asibiti a ba shi irinsa ya ƙi yi masa aiki. Su kansu Turawan da suka kawo dabarar sun watsar da ita. Siwidin ta hana tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006, masanansu suka koma bincike a kan tsirrai.

Tsirran nan kuwa ga su a bayan gidajenmu da kasuwanninmu. Busasshen ganyen zogale wajen kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, ga sinadarin da ke sa ƙafar kaza da fatarta su yi ruwan ɗorawa. Tafarnuwa tana rage miyagun ƙwayoyin cuta a hanji, citta da kurkum kuma suna taimakon narkewar abinci.

Amma fa a nan ne wasu ke wuce gona da iri. Da zarar sun ji an ce zogale na da amfani sai su cika kwanon kaji da shi don masara da waken suya sun yi tsada. Hanjin buroila ba ya iya sarrafa ganye mai yawa, in aka cika masa sai ci ya ragu, girma ya tsaya, a kai mako 8 ana jiran nauyin da bai zo ba. A shanya ganyen a inuwa, a daka, kada ya wuce kilo 5 cikin kilo 100 na abinci. Garin tafarnuwa ko citta kuwa kilo 1 ya isa.

Kuma kada wani mai talla ya ruɗe ka cewa sassaƙe na maganin Gumboro ko Niyukasul. Waɗannan sai rigakafi a kan lokaci, irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi. In kajin sun kamu da ciwo a kira likitan dabbobi, in ya ba da magani a cika kwanakin jira da ke rubuce a jikin kwalba kafin a yanka.