Sharhi: Ware kuɗin caca ba zai cike giɓin da hukuncin Kotun Ƙoli ya bari ba

A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008. Alƙalan sun yi ittifaƙi cewa tsara harkar caca hurumin majalisun jihohi ne, kuma ikon Majalisar Dokoki ta Ƙasa a wannan fanni bai wuce Babban Birnin Tarayya ba.

Tun daga lokacin, akasarin muhawarar ta tsaya kan wanda zai ba da lasisi da wanda zai karɓi haraji. Wanda ba a cika ambata ba shi ne matashin da ke zuba kuɗin abincinsa a cacar ƙwallon ƙafa ta waya. Abin da ake ba shi shawara ce kawai: ya ware wani adadi da ba zai ji zafin rasa shi ba, kada ya ƙetare shi.

Wannan shawara ta fi ƙarfi a tsakanin ƙwararrun 'yan wasan kartar poka, waɗanda ke ɗaukar kuɗin wasa tamkar jarin ɗan kasuwa. Ba sa haɗa shi da kuɗin cefane ko na haya. Ƙa'idar da aka fi yawan ji a wurinsu ita ce kada a zauna teburi da fiye da kashi 5 cikin 100 na jarin, kuma idan ya ragu a koma ƙaramin teburi maimakon a bi sawun asara. Dalilinsu shi ne ko gwani yakan yi makonni karta ba ta ba shi, don haka jarin ne ke riƙe shi har ƙwarewarsa ta yi tasiri.

Sai dai akwai sharaɗin da masu yaɗa shawarar ke tsallakewa. A poka, 'yan wasa da junansu suke karawa, mai gidan caca yana yankar ɗan kasonsa ne kawai. Wanda ya fi abokan zamansa iya lissafi da karanta halin mutum zai iya fita da riba bayan dogon lokaci, ko da yake irinsu tsiraru ne. Labarin Chris Moneymaker, akawun nan Ba'amurke da ya ci dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003 bayan ya samu gurbi ta intanet, ya ja ɗimbin jama'a zuwa wasan, kuma da kuɗin sababbin shiga ne gwanaye suka yi ƙiba.

Cacar ƙwallo, wadda ita ce ta mamaye Nijeriya, ba haka take ba. A nan da kamfani ake karawa, shi ke tsara farashi, ribarsa kuma tana cikin farashin. A ɗauki wasan da kowane ɓangare ke da rabin damar nasara: adalci shi ne Naira 100 ta dawo da 200. Idan kamfani ya biya 190, a kowace Naira 100 mai caca yana asarar Naira 5 a matsakaici. Idan ya jera irin wannan wasa guda 10 a tikiti ɗaya, kamar yadda matasa suka fi so, asarar takan kai kusan Naira 40. Mai ware kuɗi a nan bai tsira ba, ya dai jinkirta ƙarewar aljihunsa.

Ga kuma batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma babbar alamarta ita ce kasa tsayawa duk da ganin illa. Ce wa irin wannan mutum ya kafa wa kansa iyaka tamkar ba kura ajiyar nama ne.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka ɗora nauyin a kan kamfanoni. A 2019 Birtaniya ta rage mafi girman kuɗin da za a iya zubawa sau ɗaya a wasu na'urorin shagunan caca daga fam 100 zuwa fam 2, a 2020 ta hana caca da katin bashi na banki. Tana kuma da tsarin GAMSTOP, inda mutum zai yi rajista sau ɗaya a toshe shi daga dukkan shafukan caca masu lasisi a ƙasar.

Irin wannan rajista tana aiki ne idan guda ɗaya ce. A Nijeriya yanzu hurumin ya rabu tsakanin jihohi 36 da Abuja, kuma ra'ayinsu ya sha bamban. Legas tana da hukumarta da ke ba da lasisi tana tara kuɗin shiga. A Kano, inda shari'ar Musulunci ta haramta caca, Hukumar Hisbah ta rufe shaguna da dama a Oktoban 2024. Kowace tana cikin haƙƙinta, amma ikon kowace a kan iyakarta yake tsayawa, manhajar waya kuwa ba ta san iyakar jiha ba.

Hukuncin bai hana jihohi haɗa kai ba. Za su iya amincewa da rajista ɗaya ta masu neman a toshe su, da tantance shekaru ta lambar NIN, da iyakar abin da asusu zai iya zubawa a rana, su mai da su sharaɗin lasisi. Kafin a yi hakan, matashin da Hisbah ta rufe wa shago a Kano zai iya buɗe asusu a wayarsa kafin ya isa gida.